Linkin Park bayan Chester: me masoya suke jayayya a kai?

A ƙarshen watan Agustan 2024 wani agogo ya bayyana a shafukan Linkin Park, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka, yana ƙirga awa 100 daga sama zuwa ƙasa. Babu bayani, babu hoton kowa. Da ya kai sifili, masoya suka gyara zama suna jiran sanarwa, sai agogon ya juya ya kama ƙirgawa sama. Sai ranar 5 ga Satumba aka fasa ƙwai, a wani wasa da aka watsa kai tsaye ta intanet. Mike Shinoda, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya buɗe da sabuwar waƙa, The Emptiness Machine, ya rera baitin farko shi kaɗai. A baiti na biyu wata mace ta tako dandamali da makirufo a hannu, ta karɓe waƙar. Sunanta Emily Armstrong, daga wata ƙungiyar rok ta Los Angeles mai suna Dead Sara. Kafin a tashi daga wasan, masoyan ƙungiyar sun riga sun dare gida biyu.

Ga wanda bai san tarihin ba, bari mu koma baya kaɗan. An kafa ƙungiyar a 1996 a Agoura Hills da ke jihar Kalifoniya. Kundinsu na farko, Hybrid Theory, ya fito a shekarar 2000, Meteora ya biyo baya a 2003. Salonsu ya tsaya ne a kan murya biyu. Shinoda yana gambara, yana jero kalmomi a natse, Chester Bennington kuma yana rerawa cikin taushi, sannan ya ɓarke da ihun da za ka ji kamar maƙogwaronsa zai tsage. Ranar 20 ga Yulin 2017 Chester ya ɗauki ransa da kansa, yana da shekara 41. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi taron tunawa da shi a dandalin Hollywood Bowl da ke Los Angeles. Da aka zo waƙar Numb, sai aka haska makirufo a tsaye, ba kowa a bayansa, jama'a suka rera ta da kansu. Daga nan shiru, shekara bakwai babu sabon kundi.

To, kundin da ya biyo bayan wannan shirun shi ne From Zero. Ya fito ranar 15 ga Nuwamban 2024, waƙoƙi 11, tsawonsa bai wuce minti 32 ba. Ya hau na ɗaya a Birtaniya da Jamus, na biyu a Amurka. Ta fuskar kasuwa babu gardama. Gardamar tana wani wajen, kuma idan kuka saurari masoyan da kyau za ku ga yawancinta ba a kan waƙoƙi 11 ɗin nan ake yin ta ba.

Maganar da aka fi maimaitawa ita ce ta suna. Masu wannan ra'ayi suna cewa su ba su hana kowa yin waƙa ba, Shinoda da abokansa su yi ta kiɗansu, amma su sake suna, domin Linkin Park ta tafi tare da Chester. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Chester ya fito fili ya zargi Shinoda da share tarihin mahaifinsa. Mahaifiyar Chester ita ma ta shaida wa mujallar Rolling Stone cewa ta ji an ci amanarta, don ba a sanar da ita ba. Wanda ya rasa ɗa ko uba, ba a yi masa musu a kan zafin da yake ji. Sai dai ɗaya ɓangaren yana da amsa mai nauyi. Shinoda da Brad Delson mai jita suna cikin ƙungiyar tun kafin Chester ya zo. Chester ya shigo ne a 1999, ya maye gurbin mawaƙinsu na farko, Mark Wakefield, lokacin suna amsa sunan Xero (ana furta shi kamar Zero), wanda shi ne sunan sabon kundin yake nuni gare shi. Kuma shi kansa Chester, daga 2013 zuwa 2015, ya tsaya a gurbin Scott Weiland a ƙungiyar Stone Temple Pilots, yana rera waƙoƙin da mutane suka sani da muryar wani. Ya san ɗacin wannan kujerar da Emily take kai.

Akwai kuma wata jayayyar da ba ta shafi kiɗa ba sam, kuma ita ce mafi tsanani. Kwana ɗaya bayan sanarwar, aka tono cewa Emily ta taɓa zuwa kotu don nuna goyon baya ga ɗan wasan kwaikwayon nan Danny Masterson, wanda aka yanke wa hukuncin ɗaurin shekara 30 zuwa rai-da-rai a 2023 bisa laifin fyaɗe. Aka kuma taso da alaƙarta da cocin Scientology, wanda ya yi suna wajen adawa da likitancin ƙwaƙwalwa. Ku haɗa wannan da abin da Chester ya sha faɗa da bakinsa, cewa an ci zarafinsa yana yaro, kuma ya daɗe yana fama da ciwon damuwa. Za ku gane dalilin da abin ya soki mutane. Emily ta fitar da bayani cewa ta halarci zaman kotu guda ɗaya a farkon shari'ar, daga baya ta gane bai kamata ta je ba, kuma ta yi kuskuren fahimtar mutumin. Wasu suka karɓa. Wasu suka ce bayanin bai taɓo batun cocin ba, suka juya baya, kuma har yau ba su saurari kundin ba. Waɗannan, ko da waƙoƙin sun fi zuma daɗi, ba za su sauya ra'ayi ba, don ba kunne ne ya yanke musu hukunci ba.

Yanzu mu zo kan muryar. Ɗauko mace dabara ce, kuma a ganina dabara ce mai kyau. Akwai mawaƙa maza da yawa da suka ƙware wajen kwaikwayon Chester, har ka rufe ido ka rantse shi ne. Da an ɗauko ɗaya daga cikinsu, kowace waƙa sai ta zama jarrabawa: a nan ya yi kama da shi, a nan bai kai shi ba. Muryar Emily tana da kaushi da gurnani irin nata, tun daga baitin farko ka san wani mutum ne daban. Amma wannan zaɓin yana da farashi. Dole ƙungiyar ta sauya matakin sautin tsofaffin waƙoƙi da dama don su zauna a muryarta. Mai sauraro da ya shekara 20 yana jin waƙa a sauti ɗaya, ko bai san ilimin kiɗa ba, kunnensa zai gaya masa wani abu ya gota. Shi ya sa za ku ji mutum ɗaya yana cewa sababbin waƙoƙin sun yi masa, amma idan ta kama tsofaffin sai ya kashe. A wasannin farko ma an ga tana fama da wasu wurare masu wuya, masu suka suka yanko su suna yaɗawa, masu goyon baya suka yanko na wasannin baya da ta fi zama daram.

Masoya har agogo suka riƙe. A waƙar Given Up ta 2007, Chester ya ja ihu ɗaya na sakan 17, abin da ya zama abin alfahari a wajen masoyansa. A sabuwar waƙar Heavy Is the Crown, wadda aka yi taken gasar duniya ta wasan bidiyon League of Legends ta 2024 da ita, Emily ta ja nata ihun na kusan sakan 16. Nan take aka samu masu cewa da gangan ta rage, don girmama mamaci. Wasu suka ce iyakar numfashinta ke nan. Sakan ɗaya tal, amma kowane ɓangare ya karanta abin da ke ransa a ciki.

Ga abin da ni ya fi ɗaukar mini hankali. Kundin ƙarshe da Chester ya yi da ransa, One More Light, ya fito a watan Mayun 2017, wata biyu kafin rasuwarsa, kuma masoya sun yi masa ca. Suka ce kiɗan ya yi laushi, jita ta ɓace, ihu ya ɓace, ƙungiyar ta sayar da kanta ga kasuwar pop. Chester ya fusata, ya mayar da martani mai zafi a hirarraki, yana cewa mutane su daina maƙale wa Hybrid Theory. Ba kuma wannan ne karo na farko ba. Minutes to Midnight na 2007 ya sha suka, A Thousand Suns na 2010 ya raba kan masoya kafin daga baya wasu su dawo suna yabonsa. Shi kuwa From Zero, idan kun saurara, ya koma can baya ne ya kwaso duk abin da aka yi ta roƙo: jita mai nauyi, gambarar Shinoda, karce-karcen faifai na Joe Hahn, amshi mai ƙarfi da ihu. Wato kiɗan da masoya suka shekara suna nema a hannun Chester, wanda shi kuma yake ƙoƙarin wucewa, shi aka kawo musu bayan ba ya nan. Wasu daga cikin masu cewa wannan ba Linkin Park ba ce, sun faɗi wannan maganar a 2017, Chester yana tsaye a kan dandamali.

Wannan komawa baya ita ce ƙarfin kundin, ita ce kuma rauninsa. Masu yabo suna cewa sun ji kamar sun koma gida. Masu suka na tsakani da Allah, waɗanda ba ruwansu da rigimar suna, suna cewa kundin ya cika taka-tsantsan, kowace waƙa tana tuna maka wata tsohuwa, kuma gajarta ta hana shi zuwa wani wuri sabo. Ina ganin suna da gaskiya. Ƙungiyar da ta saba ɓata wa masoyanta rai da sabon salo, a wannan karon ta zo da lallashi. Ba abin mamaki ba ne, mai gabatar da baƙuwar murya ba zai so ya haɗa ta da baƙon kiɗa a lokaci guda ba.

Wani abin lura kuma, ba mutum ɗaya aka sauya ba. Rob Bourdon, makaɗin ganga da aka kafa ƙungiyar da shi, bai dawo ba, Colin Brittain ne ya hau kujerarsa. Brad Delson yana cikin aikin kundin, amma ya daina fita yawon wasa, Alex Feder ke riƙe jita a madadinsa. Cikin mutum shida da suka yi Meteora, uku ne kawai kuke gani a dandamali yanzu. Amma hayaniyar da aka yi a kan Bourdon ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda aka yi a kan Emily ba. A rok, mai makirufo shi ke ɗaukar yabo da zagi duka.

Tarihin rok bai ba kowane ɓangare cikakkiyar hujja ba. Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya rasu a Fabrairun 1980, a Yulin shekarar suka fitar da Back in Black da muryar Brian Johnson, ya zama ɗaya daga cikin kundayen da aka fi saya a tarihi. Van Halen suka sauya David Lee Roth da Sammy Hagar, kundinsu na 1986 ya zama na farko da ya kai su na ɗaya a Amurka, amma har yau masoyansu na musu a kan wane zamani ne na gaske. Da suka sake gwadawa da Gary Cherone a 1998, abin bai karɓu ba, kundi ɗaya suka yi aka rabu. Iron Maiden sun ɗanɗana duka biyun: zuwan Bruce Dickinson ya ɗaga su a 1982, tafiyarsa ta jefa su shekarun Blaze Bayley da masoya da yawa ba su so ba, har Dickinson ya dawo a 1999.

Bambancin Linkin Park shi ne, waɗanda suka girma da waƙoƙinsu da yawa sun riƙe su ne a lokacin ƙunci, suna matasa, suna jin akwai wanda ke faɗin abin da su suka kasa faɗa. Ga irin wannan mai sauraro, muryar Chester da kalmomin waƙar abu ɗaya ne. Shinoda ya san haka. A wasan 5 ga Satumba ya gaya wa jama'ar da ke wurin cewa su ne za su tsaya a matsayin Chester, kuma a wasanninsu Emily takan miƙa makirufo ga taro a manyan amshi, ta bar su su rera.

Ranar 31 ga Mayun 2025 ƙungiyar ta yi wasa a Munich kafin a take wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, gaban miliyoyin masu kallo a talabijin. A cikinsu akwai yaran da ba a haifa ba lokacin Meteora, waɗanda da muryar Emily suka fara sanin Linkin Park, daga baya suka koma suka gano Chester. Su wannan jayayyar ba ta dame su ba. Ga tsofaffin masoya kuwa, From Zero ya ci gajiyar abubuwa biyu da ba za su maimaitu ba, kewar shekara bakwai da son ganin ƙwaf. Kundi na gaba ba zai samu ko ɗaya ba, kuma a nan ne za a ga ko za su yarda su sake ɓata wa masoya rai da sabon salo, wannan karon da Emily a gaba.