Gasa a Gari: Wa Ke Tafi, Wa Ke Tsaki?

Jama'a, wanda ya ga Kumasi a farkon 2008 ba zai manta ba. Gasar cin kofin Afirka ta sauka a Ghana, an gyara filin Baba Yara ya yi fes, tutoci har a kan tirotiro, motocin hayarmu. Daga Aboabo zuwa Asawase, mai shinkafa da wake kan kwashe tukunyarta tun kafin azahar. Masar ce ta tafi da kofin, mu muka zo na uku, amma da wuya ka ji mai cewa an yi asara.

To, ku zo Maris na 2024. Accra ta karɓi Wasannin Afirka, waɗanda aka ɗage daga 2023. An gina sabon wurin wasanni a Borteyman, an ƙarasa filin jami'ar Legon. Sai dai a majalisun shayi na Nima da Maamobi, zancen daban ne: "Alhaji, da wane kuɗin?" A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, ƙasa kuma ta kai ƙoƙon bararta asusun IMF.

Ƙasa ɗaya, mutane ɗaya. Me ya canza? Lissafin da kowa ke yi a ransa. Talaka ba ya karanta kasafin kuɗi. Yana duba ko cinikinsa zai ƙaru, ko za a tashe shi daga bakin titi don baƙi su ga gari tsaf, ko kuma ya yarda da masu riƙe da kuɗin. Wannan na ƙarshen ya fi nauyi, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kada ku raina wannan guna-gunin. A Hamburg ta Jamus, ƙuri'ar mazauna gari ce ta kashe neman gasar Olamfik a 2015. Mutanen Calgary a Kanada ma sun ce a'a a 2018.

Mu nan ba a kiranmu ƙuri'a kan irin wannan, amma ido na gani. A Satumban 2024 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta dakatar da wasannin ƙasa da ƙasa a filin Baba Yara saboda ciyawar ta lalace. Filin nan dai da muka yi wa tafi a 2008.