Baƙin Walnot: Lacca Ga Ɗaliban Kafinta

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ku miƙa wa juna wannan guntun katakon, kowa ya taɓa, ya shinshina. Sunansa baƙin walnot, masana tsirrai kuma suna ce wa bishiyar Juglans nigra. A gabashin Amurka take fitowa har zuwa kudancin Kanada, jihohi irin su Misuri da Indiyana sun yi suna da ita.

Ku dubi tsakiyarsa, launin cakulan ne mai duhu, wani wurin har da ɗan ratsin shuni. Gefen da ke ƙarƙashin ɓawo kuwa fari ne sol. Masu yankan katako a can sukan turara shi da tururi kafin busarwa, don duhun ya bi farin su daidaita. Ni dai na fi son wanda ba a turara ba. Turarawa tana dusashe wannan ratsin, alhali shi ne kyan.

Mutane sukan zaci tsadarsa daga tauri take. A ma'aunin Janka, wanda ake gwada taurin itace da shi, yana kan 1,010, iroko da kuka sani kuma wajen 1,260. To me ya sa ake rububinsa? Biyayya. Zarto yana shiga lafiya, gam yana kama shi, kuma in ya bushe da kyau ba ya yawan murɗewa ko tsagewa. Ga jure bugu. Shi ya sa tun da daɗewa ake sassaƙa gindin bindiga da shi, a Yaƙin Duniya na Ɗaya ma har farfelar jirgin sama aka yi da shi. Marigayi George Nakashima, wani kafinta a jihar Pensilbeniya ta Amurka, faffaɗan allo yake ɗauka da gefensa yadda Allah ya halitta, inda ya tsage ya ɗaure da ɗan ƙullin katako mai siffar malam-buɗe-littafi. Mai kawai za ka shafa wa katakon, sai ka ga kamar an kunna fitila a ciki.

Amma fa rana tana kwashe masa duhu sannu a hankali, ya koma ruwan zuma. Ka faɗa wa mai kaya tun kafin ya ajiye teburinsa a bakin taga. Sannan dusarsa: kada a kuskura a shimfiɗa wa doki, tana jawo mummunan ciwon kofato. Saiwarsa ma tana fitar da wani sinadari, juglon, da ke kashe tumatir in an shuka kusa.

Ɗan'uwa a baya ya tambaya, ko shi ne walnot ɗin da ake sayarwa a kasuwannin katakonmu? A'a. Wancan Lovoa ne daga dazuzzukan kudu, dangin maɗaci. Katako ne mai kyau, ku yi aiki da shi, amma ku kira shi da sunansa in za ku yi wa mutum kuɗi.