Daga gwaranci zuwa kalmar farko: me ya kamata iyaye su saurara?

Malama: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Likita, mai duba ƙananan yara, da Sista daga ɗakin awo da rigakafi. Likita, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, a wata nawa yaro ke fara magana?

Likita: Wa alaikumus salam, Malama. In kalmar farko ake nufi, wajen shekara ɗaya ne, wani ya riga da kaɗan, wani sai wata 14 ko 15. Amma aikin ya fara tun da nisa. Tun a watannin ƙarshe na ciki kunnen ɗan tayi ke aiki, shi ya sa jariri sabuwar haihuwa yake bambance muryar uwarsa da ta wata mace. A sati 6 zuwa 8 zai yi miki murmushi idan kin yi masa magana. Daga wata 2 zuwa 3 sai ki ji "aaa", "uuu", sauti mai laushi daga maƙogwaro. Wajen wata 4 ya ƙyalƙyale da dariya.

Sista: Sai kuma wanda ni na fi sa wa kunne a wajen awo, wato "ba-ba-ba", "da-da-da", "ma-ma-ma". Wannan yakan zo tsakanin wata 6 da wata 10.

Malama: Nan ne fa maigida ke cewa an kira sunansa.

Sista: Ai kuwa, sai ya yi ta washe baki! To ba shi ake kira ba tukuna, leɓe da harshe ne yaron ke gwadawa. Ba ta zama kalma sai ranar da ya ce "baba" yana duban baban, gobe ma ya sake, kuma bai faɗa wa akuya ba.

Likita: Wannan gwarancin na wata 6 zuwa 10 ina so mu daɗe a kansa, domin shi ke tona asirin kunne. Jaririn da ba ya ji, shi ma yana kuka, yana dariya, yana yin "aaa" ɗin nan na wata uku kamar kowa, sai hankalin iyaye ya kwanta. Inda ake rabuwa shi ne haɗa baƙi da wasali a maimaita. Wannan sai yaro yana jin kansa yana jin mutane yake zuwa a kan lokaci. Saboda haka idan an cika wata 10 babu "ba-ba" babu "da-da", ko yana yi sai ya yi tsit, a kai shi a gwada kunne. Kada a ce bari ya shekara biyu a gani.

Malama: To ai a gida ma ana gwadawa, Likita. A tafa hannu a bayansa, in ya juyo shi ke nan.

Likita: Gwajin nan yana yaudara ta hanya uku. Yaro na iya jin iskar tafin a ƙeyarsa, ko ya ga inuwar hannu, ko kuma kunne ɗaya ne ke aiki, shi ya sa ya juyo. Ga kuma yaron da ke jin ƙara mai ƙarfi amma sautin magana ba ya isa gare shi sosai. A asibiti akwai wata 'yar na'ura da ake sa bakinta a kunnen jariri yana barci, mintuna kaɗan an gama, babu zafi. Ƙa'idar da masana ji suke bi ita ce 1, 3, 6: a yi gwajin farko kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai a nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Sista: Akwai kuma yaran da ko suna gwaranci ya kamata a gwada su. Wanda ya yi shawara mai tsanani a satin haihuwa, wanda bai yi kuka da wuri ba da aka haife shi, bakwaini, wanda ya yi sanƙarau ko ƙyanda, da wanda kunnensa ke yawan fitar da mugunya. Sanƙarau kam ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya da Nijar lokacin zafi, kuma yana iya tafiya da ji bayan yaro ya warke sarai.

Malama: A ce kunne lafiya lau. Me uwa za ta yi, ga girki ga wanki ga goyo?

Sista: Ba sai ta ajiye aiki ba. Goyo yana da amfani, yaro na jin duk hirar da take yi, amma ba ya ganin bakinta. To sai ta riƙe lokutan da dole su fuskanci juna: shayarwa, wanka, shafa mai, canza tsumma. Jariri sabon haihuwa ya fi gani a tazarar santimita 20 zuwa 30, daidai daga nono zuwa fuskar uwa ke nan. Ta faɗi abin da take yi: "ga ruwa, ruwa da ɗumi, kawo ƙafa." Sannan ta yi shiru.

Malama: Shiru kuma?

Sista: Eh, ta ƙirga biyar zuwa goma a zuci tana dubansa. Zai amsa, ko da sauti, ko da motsin baki, ko da harba ƙafa. Sai ta maimaita sautin nasa ta ɗora nata. Ba-ni-in-ba-ka ɗin nan shi ne hira, kuma shi yawancin manya ke tsallakewa, su yi ta zuba ba su bar wa yaro gurbi ba.

Likita: Shi ya sa waya ba ta maye gurbin mutum. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Amurka suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da ake Turanci, aka riƙa yi musu Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu ya yi musu, sun koyi bambance sautukan Sinancin. Waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen nan dai, ba su ɗauki komai ba. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Malama: Sista, ga wata mai nauyi. Ɗan fari. Uwa tana kunya, ba ta faɗin sunansa, a gaban surukai ko wasa ba ta yi da shi.

Sista: Kunya ba ta hana aikin nan, Malama. Sunan yanka ba dole ba ne, ta tsayar da laƙabi ɗaya da kowa a gidan zai riƙa kiransa da shi, domin a wata 9 muna so mu ga yana juyowa in an kira shi. Hirar kuma ta yi a ɗaki. Kaka da goggo da yayye su ma su karɓa, tawai da waƙar reno duk suna cikin lissafi. Abin da ba na so shi ne yaro ya wuni a bayan 'yar reno mai shekara bakwai, babu babban da ya dube shi ido da ido.

Likita: In ya shiga shekara ta biyu sai a canza salo. Ya ce "yuwa", kada a ce masa ba haka ba ne, a ce "eh, ruwa, ruwan sanyi." Kalma ɗaya ake ƙarawa a kan tasa. Harafin "r" da su "ts" da "ƙ" suna cikin masu wuya, ba abin damuwa ba ne a wannan shekarun. Kuma a daina miƙa masa abu tun bai nema ba. A ɗaga biyu a tambaye shi, "kunu ko ayaba?", a jira.

Malama: Gidan da ake Hausa da Fulatanci fa, ko Hausa da Barbarci? Ana cewa harshe biyu na rikita yaro.

Likita: Ba ya rikita shi. A haɗa kalmominsa na harsunan biyu a ƙirga tare. Cakuɗa su a jimla ɗaya ma ba laifi, manyan gidan haka suke yi. A shekara 2 muna sa ran kalmomi wajen 50 da haɗa biyu, kamar "baba tafi", "ba ni". A shekara 3 baƙo ya gane yawancin abin da yake faɗa.

Sista: Sai batun wanzami. Cire beli ba ya buɗe baki, sai dai ya jawo zubar jini ko shigar ƙwayar cuta. Linzamin harshe kuwa yakan hana jariri kama nono da kyau, amma ba shi ke hana yaro sanin kalmomi ba. A bari likita ya duba kafin a yanka.

Malama: To wane yaro ne ba za a jira da shi ba, ko da kaka ta ce babansa ma sai da ya shekara uku?

Likita: Wanda ya shekara ɗaya ba ya nuni da yatsa, ba ya ɗaga hannu ya yi sallama, ba ya miƙo abu don a gani. Wanda ya kai wata 16 zuwa 18 babu kalma ko ɗaya. Wanda ya shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. Mafi gaggawa kuma, wanda yake da kalmomi sai suka ɓace, ko ya daina duban mutane, a kowane wata yake. Irin wannan ana fara gwada kunne, sannan a bincika otizim, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, a duba jini da nauyi, domin ƙarancin jini da tamowa su ma suna jan ci gaban yaro baya.

Sista: In za a zo, a taho da katin awo, a rubuto kalmomin da yake faɗa yadda yake faɗarsu. In da waya, a ɗauko bidiyonsa na minti biyu yana wasa a gida, domin da yawansu in suka ga farar riga sai su kama bakinsu gum.

Malama: Likita, Sista, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.