Sharhi: Wa Zai Ciyar da Ƙungiyoyin 'Yan Dagaji, Gidan Gwamnati ko Ƙofar Fili?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau zai fara ne daga bakin ƙofar filin wasa. A wata ranar Asabar bayan la'asar na je kallon wasan rukuni na biyu a wata jiha ta arewa, na kuma tsaya a ƙofa na ɗan lokaci ina jiran abokin tafiya. Ga teburin mai sayar da tikiti, ga kundin tikitin a gabansa an danne shi da dutse don kada iska ta kwashe. Wani dattijo ya jingine kekensa, ya kwance bakin aljihu, ya ƙirga kuɗinsa ya biya ya shiga. Bayansa sai ga wata baƙar mota mai duhun gilashi, aka wangale mata babbar ƙofa har da sarawa. Ba a rufe ƙofar ba sai da matasa kusan ashirin suka bi bayanta a guje, kowa na cewa "yaran Oga ne." Wani ya zo ya ce shi ɗan kwamitin magoya baya ne, wani ya ɗaga wani kati da ba wanda ya tsaya karantawa, wasu kuma can gefe sun riga sun haura katanga. Da aka busa tashi filin ya yi rabi da mutane, amma kundin tikitin nan ko sulusinsa ba a yaga ba. Mai rake da mai ruwan leda da ke bakin ƙofa sun fi ƙungiyar ciniki a ranar.

Na kawo wannan ne domin duk sa'ad da aka ji 'yan wasa na kukan albashin wata da watanni, abin da ake cewa ɗaya ne: gwamna ya taimaka. Ba wanda ke waiwayar teburin nan da dutsen da ke kansa.

A tsarin ƙwallon ƙafa na Najeriya, gasar Firimiya ta NPFL ce a sama, ƙarƙashinta akwai NNL, wato rukuni na biyu da masu sha'awar tamaula ke kira gasar 'yan dagaji, sai kuma NLO a ƙasa da ita. Yawancin ƙungiyoyin arewa da aka sani, irin su Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi Warriors ta Borno, Gombe United, Jigawa Golden Stars, Sokoto United da Adamawa United, duk mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kusan dukkansu sun taɓa ɗanɗana zaman rukuni na biyu, wasu ma can ne gidansu. Albashi daga gwamnati, kuɗin mota daga gwamnati, otal da abinci daga gwamnati, shugaban ƙungiya ma gwamnati ce ke naɗa shi, ita ce kuma ke sauke shi.

Ni ban ce gwamnati ta janye hannunta ba, kuma wanda ke faɗin haka bai san abin da ake kashewa kafin a buga wasa ɗaya a waje ba. A ɗauki ƙungiya daga Maiduguri za ta je Sakkwato. Tafiyar yini guda ce cur, da mutum wajen talatin a bas, ga kwana, ga ci, ga alawus, ga dawowa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ga kuma halin hanyar ita kanta: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka ji raunuka, a Fabrairun 2021 kuma aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore, aka yi awon gaba da direba. Babu kuɗin tikitin da zai ɗauki wannan nauyi shi kaɗai, a rukunin da ba kuɗin talabijin na a zo a gani, ba kamfanonin da ke rububin manna sunansu a riga.

Kuma kuɗin gwamnati kan yi rana. El-Kanemi Warriors ta faɗa rukuni na biyu a 2023, amma a 2024, tana can ƙasan, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, wanda rabonta da shi tun 1991 da 1992, ta kuma koma Firimiya a shekarar. Ga birnin da ya sha abin da Maiduguri ta sha, wannan ba ƙaramin abin faranta rai ba ne. Idan an ce mini an kashe dukiyar jama'a a kan wannan, ba zan yi gardama ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kuɗin ke fitowa. Ba ya zuwa bisa tsari, sai bisa ganin dama. Shugaban ƙungiya zai rubuta takarda, ta je ofishin kwamishina, ta wuce gidan gwamnati, ta kwanta a kan tebur. Ana jibi wasa ba a sa hannu ba. Sai a ciyo bashi a wajen mai gidan mai, a lallashi mai otal, a ce wa yara su yi haƙuri alawus sai an dawo. Ɗan wasan da ya bar matarsa ba cefane, ya kwana a zaune cikin bas, aka sauke shi da hantsi aka ce ya shiga fili da la'asar, shi ne za a zaga a ce ba shi da kishi. Idan gwamna mai son ƙwallo ne, a sha daɗi shekara huɗu ko takwas. Idan wanda ya gaje shi ba ruwansa da tamaula, ko kuma yana ganin shugabannin ƙungiyar mutanen wancan ne, sai a rushe kwamiti, a kafa sabo, a sallami koci, a kwaso sababbin 'yan wasa, tsofaffin kuma su yi ta zarya suna bin haƙƙinsu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata al'ada da ake yi wa tafi, wadda ni a ganina ita ce ta fi yi wa waɗannan ƙungiyoyi illa. Ana gobe babban wasa sai a ji sanarwa cewa wani mai riƙe da muƙami ya saye tikiti gaba ɗaya, kowa ya zo ya shiga kyauta. Fili zai cika maƙil, a yi ta kirari, hotuna su zaga Facebook. To amma nawa aka biya? Asusun wa kuɗin ya shiga? In ma an biya, me aka koya wa ɗan kallo? An koya masa cewa ƙwallon gida ba abin da ake cire kuɗi a kalla ba ne. Mako mai zuwa da aka ce ya biya, sai ya ga kamar an zalunce shi. Shi kuwa wannan matashin, a daren ranar zai je gidan kallo na unguwarsu, ya biya kuɗin shiga ba tare da ya yi ciniki ba, ya zauna a kan benci cikin zafi da ƙarar janareta don ya ga Arsenal ko Real Madrid. A can ba ya cewa shi yaron Oga ne. Mai gidan kallo na tsaye a ƙofa da hannunsa a miƙe, kuma kowa ya san in ba a biya ba, ba man janareta.

Saboda haka zancen cewa talakan arewa ba zai iya biyan kuɗin kallo ba, ban yarda da shi duka ba. Abin da ba zai iya ba shi ne tikiti mai tsada. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma mafi yawan masu cika gefen rana a filayenmu ko wannan ba sa samu: 'yan acaba ne, masu tura baro, ɗalibai, yaran shago. Duk shugaban ƙungiyar da ya ce zai toshe giɓin kasafinsa ta hanyar ninka musu kuɗin shiga, kujeru zai tara. Amma bari mu yi lissafi na misali. A ce an sa naira 300 a gefen rana, mutum 5,000 suka biya, an tashi da naira miliyan 1 da rabi ke nan a wasa ɗaya, tun ba a lissafa rumfar manya ba. Ba zai biya albashin wata ba, na sani. Amma zai zuba mai a bas zuwa wasan waje na gaba ba tare da an jira sa hannun kowa ba.

Rumfar manya kuwa, can ya kamata tsadar ta koma. Abin kunya ne a ce dattijo mai keke ya biya, mai baƙar mota ya shiga kyauta da rundunarsa, a ba shi kujera mai laushi a inuwa, har a kawo masa lemo daga aljihun ƙungiyar da ta kasa sayen bandeji. Kwamishina, ɗan majalisa, shugaban ƙaramar hukuma, babban ɗan kasuwa, kowannensu ya sayi tikitin kaka guda da kuɗi mai kauri, a kuma karanta sunayen waɗanda suka saya a rediyo. In mutum na son yaransa ashirin su shiga, ya yaga musu tikiti ashirin a teburin nan.

Wani zai ce to a sayar wa 'yan kasuwa mana a huta. Misalin da ake kawowa shi ne Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar Kunle Soname, wadda ta gina filinta da makarantar horar da yara, ta kuma lashe Firimiya a 2025. Haka ne, abin koyi ce. Amma tsofaffin masu sauraro za su tuna da Leventis United ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubalen ƙasashensu a 1985, da Abiola Babes ta marigayi MKO Abiola. Da masu su suka juya baya, ƙungiyoyin suka bi ruwa tun kafin shekarun 1980 su ƙare. Attajiri ma yakan gaji, kamar yadda gwamna kan sauka.

A Ingila ma, inda kuɗin talabijin ya yi wa manyan ƙungiyoyi katutu, na ƙasa na mutuwa. Bury, ƙungiyar wani gari kusa da Manchester, an kafa ta a 1885, ta ci kofin FA a 1900 da 1903, amma a Agustan 2019 aka kore ta daga gasa saboda bashi ya yi mata yawa, 'yan wasa ba albashi. Abin lura shi ne irin taimakon da gwamnatin Birtaniya ta bayar daga baya: fam miliyan 1 daga asusun da ke taimaka wa al'umma su mallaki kadarorin garinsu, domin magoya baya su sayi filin ƙungiyar, Gigg Lane. Ba ta ɗauki albashin ɗan wasa ko ɗaya ba. A 2023 ƙungiyar ta koma buga wasa a filinta, can ƙasa a rukuni na 9, a hannun magoya bayanta, waɗanda ke biyan kuɗin zama mamba su kuma biya a ƙofa.

Abin da nake ganin jihohinmu za su ɗauka daga nan shi ne a raba abin da gwamnati za ta yi da wanda ƙofa za ta yi. Gwamnati ta gyara ciyawa, ta ɗaga katanga, ta sa ƙofofin da mutum ɗaya ke wucewa a lokaci guda, ta sayi bas mai lafiya, ta yi wa 'yan wasa inshora. Albashin da za ta bayar ya kasance a rubuce cikin kasafin kuɗin da majalisar jiha ta amince da shi, ya riƙa fita wata-wata kamar na kowane ma'aikaci. Sharaɗin kuwa, kowace Litinin ƙungiya ta fito ta faɗa wa jama'a mutum nawa suka shiga, tikiti nawa aka yaga, nawa aka kai banki. Yanzu da ko mai shayi ke karɓar taransifa, babu dalilin da zai sa kuɗin ƙofa ya kwana a aljihun wani.

Su ma magoya baya akwai nasu. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ci Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Duk da haka a 2022 ta faɗa gasar 'yan dagaji tare da maƙwabciyarta Katsina United, a kakar da rikicin 'yan kallo ya jawo mata tara da cire maki. Sun dawo tare a 2023. Kowace jifa da aka yi wa alƙalin wasa, kowace mota da aka farfasa, ƙarshenta tara ce da za a biya daga baitulmalin jiha, sannan a kulle fili ko a kai wasan gida wani gari, inda ba sisin da zai shigo ta ƙofa. Na kuma lura cewa wanda ya haura katanga ya fi saurin ɗaukar dutse a kan wanda ya biya ya zauna da ɗansa a gefe.

Shugabannin ƙungiyoyi da ke saurarenmu, kafin ku sake rubuta takarda zuwa gidan gwamnati, ku je ku tsaya a bakin ƙofa ranar wasa na rabin sa'a, ku ƙirga masu shiga, sannan ku ɗaga dutsen nan ku ƙirga tikitin da aka yaga. Mu kuma a wannan shiri, duk ƙungiyar da ta aiko mana da alƙalumanta na ƙofa, za mu karanta su ranar Litinin bayan labarun wasanni.

A huta lafiya.