Jinin da ya ƙi tsayawa: lacca daga Jos

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Na baya kuna jina? To, madalla.

Da kaciya zan fara, don a nan abin ya fi tonuwa. An yi wa yaro da hantsi, wanzami ya ɗaure ya tafi. Kafin la'asar tsumma ya jiƙe sharkaf, an sauya wani, shi ma ya jiƙe. Sai ka ji ana cewa hannun wanzamin ne, ko baki ne ya kama yaro. Ni kuwa in aka kawo min irinsa, uwar nake fara tambaya: Hajiya, cikin 'yan'uwanki maza akwai wanda jini ya taɓa wahalarwa?

Dalili, cutar himofiliya, wato cutar da ke hana jini tsayawa, gado ce, ta wajen uwa take bi ta sauka kan ɗa namiji, ita uwar kuwa sau da yawa lafiyarta ƙalau. Kada wata ta ɗora wa kanta laifi, Sarauniya Biktoriya ta Ingila ma haka ta bar wa zuriyarta. Akwai sinadarai a jini masu haɗuwa su daskarar da shi, kowanne da lambarsa, mai wannan cuta na 8 ko na 9 ya rasa. Shi ya sa da yaro ya fara rarrafe sai gwiwa ta kumbura ta ɗau zafi, alhali babu rauni a waje. Jinin cikin gaɓa yake tsiyaya. Don Allah kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a ba shi asfirin. Maganin shi ne a yi masa allurar sinadarin da ya rasa ta jijiya. Da tsada, ba zan ɓoye muku ba.

Ba kowace zubar jini ce gado ba. Hanta ke haɗa yawancin sinadaran nan, in ta lalace har dasashi sai ya riƙa jini. Mutanen Langtang kuma sun san saran kububuwa: a ɗebi jinin mutum a kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi.

Akwai kuma jinin da ke daskarewa inda bai kamata ba. Mace mai jego, ko wanda ya kwana zaune a mota daga nan zuwa Legas, ya sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Kada a murza ta! Gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe huhu. A kai shi asibiti a ranar, akwai magungunan hana jini daskarewa, heparin da warfarin.

Baba na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.