Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Ake Shiga Aikin Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe?

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta fito daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce yana jin labarin manhajojin da kowa ke iya sa hannu a gina su, yana sha'awar shiga, amma bai iya rubuta manhaja ba. Ko akwai gurbinsa?

To Malam, akwai, har da yawa. Irin wannan manhaja ita ce wadda aka saki rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba bisa sharuɗɗan lasisinta. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, irinta ce, kuma in wayarka Android ce to a kanta take tafiya. Haka Firefox da VLC da LibreOffice.

Aikin da ya fi kusa da kai shi ne kai rahoton matsala, amma a yi shi da kyau. Wanda ya rubuta "ba ta aiki" ya tsaya, kamar majinyaci ne da ya zauna gaban likita ya ce ba shi da lafiya, ya yi gum. Ka faɗi samfurin manhajar, da irin na'urarka, da abin da ka latsa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Kafin nan ka duba ko wani ya riga ka. Sai kuma inda mu Hausawa muke da abin da injiniyan Turai ba shi da shi: harshe. Mozilla, masu yin Firefox, na karɓar fassara a dandalinta na Pontoon, ita kuwa MediaWiki da ke riƙe da Wikipedia ana fassara ta a translatewiki.net. Akwai Common Voice da Mozilla ta buɗe a 2017, inda za ka karanta jimlolin Hausa da muryarka, ka kuma saurari na wasu ka tantance. Ko ka gwada manhaja ka gano tana haɗiye ƙ da ɗ da ɓ, har "ƙasa" ta koma "kasa", ka sanar, ka yi aiki.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi. Ta koyi Python, wani harshen rubuta manhaja, tana so ta aika gyaranta na farko, tana kuma tambaya ko ana samun kuɗi.

Malama, ki fara da Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, wadda Torvalds ɗin ya rubuta a 2005. Da ita ake aika gyara a GitHub da GitLab, shafukan intanet da ake ajiye rubutun manhajoji. Ki zaɓi manhajar da kike amfani da ita, ki karanta fayil ɗin CONTRIBUTING mai bayanin yadda ake aika gyara, sannan ki nemi ayyukan da aka yi wa alamar "good first issue", wato masu sauƙi ga sabon shiga. In gyaran babba ne ki tambaya tukuna, kada ki ɓata wata guda a kan abin da ba sa so. Da yawa daga masu kula da waɗannan manhajoji 'yan sa-kai ne, sai sun tashi daga aiki suke dubawa, don haka in an yi mako ba amsa ba wulaƙanci ba ne. A 2020, lokacin Hacktoberfest, wani shiri na watan Oktoba da ke ƙarfafa aika gyara, mutane suka yi ta tura gyare-gyare marasa kan gado don kawai su sami rigar kyauta, har sai da masu shirin suka canza dokoki. Irin wannan gajiyarwa ce, ba taimako ba.

Batun kuɗi kuwa, akasarin aikin kyauta ake yi. Sai dai Google Summer of Code, da aka fara a 2005, da kuma Outreachy, shirye-shirye ne na horar da sababbin shiga, suna biyan waɗanda suka ɗauka, kuma masu zaɓe kan duba abin da mutum ya riga ya aika wa manhajar. Saboda haka ki fara tura ƙananan gyare-gyarenki tun kafin a buɗe karɓar takardu.