Wa Ke Rubuta Dokar Rabon Adireshin Intanet a Afirka?

Jama'a, assalamu alaikum.

Kafin mu yi nisa, ku ɗauki wayarku, ku tambayi Google lambar IP ɗinku. Yawanci zai nuna muku lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Idan kuna Kano, ko Maradi, ko Kumasi, sau da yawa za ku ga ta fara da 41, ko 102, ko 105, ko 197. Wannan shi ne adireshinku a intanet a wannan lokacin. Duk saƙon da kuka tura yana ɗauke da shi, don amsa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa idan ta dawo. Ba shi yiwuwa kamfanoni biyu su riƙe adireshi ɗaya a fili, kamar yadda ba shi yiwuwa a ba mutum biyu lambar waya ɗaya. Dole ke nan a samu mai rabo, a samu littafin da ake rubuta wanda aka ba.

To, wa ke rabon? A can sama akwai ofishin da ake kira IANA, ƙarƙashin inuwar ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunaye da lambobin intanet na duniya. Shi ke riƙe da babban rumbu, yana ɗebo wa hukumomin rajista guda biyar na yankunan duniya. ARIN ce ke kula da Amurka da Kanada. RIPE NCC da ke Amsterdam tana kula da Turai da Gabas ta Tsakiya. APNIC na kula da Asiya da yankin Pasifik, LACNIC kuma Latin Amurka. Tamu ita ce autarsu, AFRINIC, wadda aka amince da ita a 2005, hedikwatarta tana tsibirin Mauritius. Daga wurinta kamfanonin sadarwa da jami'o'i da bankuna na Afirka ke karɓa, su kuma su sammana wa wayoyinmu.

Abin da ya sa na shirya wannan bidiyo shi ne tambayar da ke biye. Nawa za a ba kowane kamfani? Da wane sharaɗi? Wanda aka ba zai iya sayarwa? Zai iya kai su wata nahiya ya yi amfani da su? Da yawa za su ɗauka gwamnatoci ne ke yanke wannan, ko Majalisar Ɗinkin Duniya, ko dai ma'aikatan AFRINIC ɗin. Babu ko ɗaya. Ma'aikatan aiwatarwa suke yi. Masu rubuta ƙa'idar su ne duk waɗanda suka zo zaman tattaunawar. Ba a tambayar katin zama memba, ba a biyan ko sisi, ba a neman takardar digiri. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Bayero da injiniyan babban kamfanin waya a Johannesburg, a ƙa'ida, matsayinsu ɗaya a wannan zaure.

Don a ga cewa maganar ba ta fatar baki ba ce, bari mu bi labarin wata doka guda ɗaya.

Tsohon tsarin adireshi, wanda ake kira IPv4, yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal. Lokacin da aka tsara shi farkon shekarun 1980, an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba, sai aka yi ta rabon hannu sake, har wasu jami'o'i da kamfanonin Amurka suka samu miliyan 16 kowannensu. Afirka ba ta wurin a lokacin wannan rabo. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 rumbun IANA ya kai ƙasa. Manyan kaso biyar suka rage, aka ba kowace hukuma ɗaya. Namu shi ne wanda ya fara da 102, adireshi 16,777,216. Wannan rabon daidai-wa-daida ma ba kyautar kowa ba ce. Doka ce da aka tattauna a yankunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amince, kafin ICANN ta sa hannu. Da an bar shi a kan wanda ya fi saurin cinyewa, da yankunan da suka fi mu kuɗi sun lashe kafin mu ɗaura ɗamara.

A wannan shekarar ta 2011 kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga hannun Nortel da ya durƙushe, a kan dala miliyan 7.5. Daga nan kowa ya gane lambar nan ta zama haja.

Mutanen Afirka da ke cikin wannan zaure suka ce, tunda abin da ya rage mana ke nan, kada manya uku ko huɗu su kwashe. Suka rubuta dokar da suka sa wa suna Soft Landing, wato a sauka a hankali kada a faɗo. Manomin rani da ke shan ruwan Tiga a Kadawa zai gane wannan nan take. Idan ruwa ya ja baya, aka bar na bakin kwata ya sha yadda ya ga dama, na ƙarshen kwata tumatirinsa ya ƙone. Sai an zauna an tsayar da awo. Dokar ta raba ƙarewar gida biyu. An shiga mataki na farko a 2017, na biyu kuma a Janairun 2020. A mataki na biyu, duk girman kamfani, abin da zai samu a buƙata ɗaya bai wuce adireshi 1,024 ba, mafi ƙaranci kuma 256. Kafin ya dawo neman ƙari, sai ya nuna ya yi amfani da kashi 90 cikin 100 na abin da ke hannunsa.

A ganina wannan doka ta yi daidai, duk da tana da ciwo. Saboda ita ne matashin da ya haɗa jari zai buɗe ƙaramin kamfanin intanet a Zariya ko Damagaram yake da damar samun adireshinsa na kansa, maimakon ya je kasuwa ya saya da dala. Amma manyan kamfanoni masu miliyoyin masu layi suna da nasu kuka, kuma kukan ba na banza ba ne. Adireshi 1,024 ba zai kai su ko'ina ba. Shi ya sa suke cusa ɗaruruwan mutane bayan adireshi guda. Kun taɓa buɗe wani shafi ya ce ku tabbatar ku mutane ne, ku zaɓi hoton mota, ku zaɓi hoton gada, ko ya rufe muku ƙofa gaba ɗaya alhali ba ku yi komai ba? Sau da yawa wani ne da kuke tarayya da shi a adireshi ya yi ɓarna, aka hukunta ku tare. Maganin dindindin shi ne sabon tsari, IPv6, wanda yawan adireshinsa ya wuce lissafin baki. Shi ma dokokin rabonsa a wannan zauren ake rubuta su. An kuma shafe shekaru ana ja-in-ja kan yi wa Soft Landing kwaskwarima, har a taron da aka yi a Legas a 2017.

Yanzu, yaya doka ke tashi daga kan mutum ɗaya har ta hau kan nahiya?

Mutum ya ga matsala, sai ya rubuta daftari: ga matsalar, ga sashen kundin dokoki da nake son a canza, ga kalmomin da nake son a sa. Ya aika wa shugabannin zaman, su biyu ne, jama'ar ce ke zaɓensu kuma aikin sa kai suke yi. Su sa wa daftarin lamba, su baza shi a zauren imel da ake kira RPD, inda kowa ke iya karantawa ya yi magana. Dole daftarin ya yi aƙalla mako huɗu a gaban jama'a kafin a kai shi taron gaba da gaba. Ma'aikatan AFRINIC kuma su rubuta nasu nazarin: idan aka zartar da wannan, me zai canza a aiki, ina zai ci karo da doka. A taron, mai daftari ya tashi ya kare abinsa, mutane su yi layi a gaban makirfo, na nesa su shigo ta intanet. Idan shugabannin suka ga an samu matsaya, sai a yi kiran ƙarshe na aƙalla mako biyu, don wanda bai samu zuwa ba ya faɗi nasa. Daga nan a miƙa wa hukumar gudanarwa ta tabbatar an bi ƙa'ida, ta sa hannu.

Kalmar nan matsaya, a nan nake son mu ɗan tsaya, domin ita ce ta fi rikita sababbin shiga.

Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba. Al'adar ta samo asali ne daga injiniyoyin da suka gina intanet, waɗanda tun 1992 ɗaya daga cikinsu, David Clark, ya bayyana cewa su ba sa aiki da sarauta ko ƙuri'a, da fahimtar juna suke aiki da kuma abin da aka gwada aka ga yana tafiya. Abin da shugabannin zaman ke dubawa shi ne: akwai wata hujja mai nauyi da aka kawo a kan daftarin, wadda har yanzu ba a amsa ta ba? Idan mutum ɗari suka rubuta "na goyi baya" kawai, mutum ɗaya kuma ya nuna cewa sakin layi na uku zai hana ƙananan kamfanoni samun komai, kuma babu wanda ya iya warware masa, to ba a samu matsaya ba. Haka nan idan mutum ɗari suka ce "ban yarda ba" ba tare da dalili ba, daftarin zai iya wucewa. Kuma ba sai an gamsar da kowa ba. Ana iya sauraron hujjarka, a auna ta, a amsa maka, ka ci gaba da jin ba ka gamsu ba, a wuce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a yi kamar ba a ji ka ba. Idan kana ganin shugabannin sun yi kuskure, akwai kwamitin ɗaukaka ƙara.

Shi ya sa ɗebo mutane a cika zaure, irin na siyasar unguwa, ba ya haifar da ɗa mai ido a nan, sai ɓata lokaci da zubar da mutunci. Abin da ke da daraja shi ne abin da ka gani da idonka a wurin aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke kwana yana gyaran hanyar sadarwar wata jami'a a Sakkwato ya san abin da wanda ke zaune a Nairobi bai sani ba: yadda sharaɗin takardu ke wahalar da ƙaramar cibiya, yadda biyan kuɗin shekara da dala ke zama idan naira ta faɗi, dalilin da ya sa tsofaffin na'urori ke hana komawa IPv6. Idan bai faɗa ba, za a rubuta dokar da abin da waɗanda suka zo suka sani.

Ba zan ɓoye muku ba, gidan ya sha girgiza. Daga 2021 AFRINIC ta faɗa cikin shari'u a kotunan Mauritius da wani kamfani, a kan adireshi sama da miliyan 6 da yadda ake amfani da su. An rufe asusun bankinta na wani lokaci a 2021, ta zauna babu cikakkiyar hukumar gudanarwa, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Sai a Satumban 2025 aka samu zaɓen sabuwar hukuma. A tsawon lokacin da babu hukumar, babu mai sa hannu a kan sababbin dokoki. Abin ya dame ni ƙwarai, domin tushen rigimar yana komawa ne ga tambayoyin da na fara da su: me doka ta ce game da kai adireshin Afirka waje, me ta ce game da bayar da haya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jimla ɗaya da aka rubuta ta da harshen damo tana iya zama shari'ar shekaru. Masu karanta daftari da idon basira, su ce wannan kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu, su ne muke da ƙarancinsu.

Matsalar harshe kuma gaskiya ce. Da Turanci ake yawancin muhawarar, ana fassara zuwa Faransanci a taruka. Amma ba gasar iya Turanci ake yi ba. Masu magana a zauren daga Masar suke, daga Kamaru, daga Angola, kowa da irin lafazinsa, kuma jimla uku masu ma'ana sun wadatar. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da ke aiki da Faransanci ma suna da hanyar shiga.

Idan kuna son farawa, ku shiga shafin AFRINIC, ku nemi sashen dokoki, ku yi rajistar zauren RPD da imel ɗinku. Kada ku yi gaggawar magana. Duk muhawarar baya tana ajiye a fili, ku ɗauki daftari ɗaya tak, ku karanta shi tare da nazarin ma'aikata, ku ga me aka riga aka faɗa don kada ku maimaita. Ku karanta sashe na 3 na kundin dokokin, nan aka bayyana tsarin gaba ɗaya, kuma bai da tsawo. Idan kuna Najeriya, ku kusanci masu harkar irin su ngNOG, wato ƙungiyar masu gudanar da hanyoyin sadarwar intanet ta Najeriya, da cibiyar musayar intanet ta IXPN, za ku samu waɗanda suka daɗe a ciki. Taron shekara-shekara na AfNOG, takwarar ngNOG ta Afirka baki ɗaya, shi ma makaranta ce, kuma AFRINIC ta saba ɗaukar nauyin wasu sababbin shiga zuwa tarukanta, don haka ku riƙa duba sanarwa.

Ranar da za ku rubuta saƙonku na farko, ku faɗi sunanku da irin aikin da kuke yi, ku ambaci lambar daftarin da sakin layin da kuke magana a kai. Sannan ku bayyana abin da zai faru da hanyar sadarwar da kuke kula da ita idan aka zartar da shi yadda yake, in kuma kuna da kalmomin da suka fi, ku rubuta su a ƙasa.